Keke Bayan Furfura

A Kano ta farkon shekarun 1970, mai sabon keke ba ya ɓuya. Tun daga bakin lungu za a jiyo ƙararrawarsa, yara su biyo shi a guje, manya su tare shi da “Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare.” Yawanci Raleigh ne, baƙi ko kore, ƙirar Nottingham ta Ingila, kafin kamfanin ya zo ya kafa wurin harhaɗa su a nan Bompai. Mai shi ba ya yarda ya ɓare takardar da aka naɗe ƙarfen da ita, sai dai ta gaji don kanta ta faɗi. Wani ya ƙara madubi biyu, wani ya ɗinka wa sirdi riga, wani ya nannaɗe sandar tsakiya da roba mai launi. Da asuba a goge shi da tsumma, da dare a shigar da shi zaure, wani ma har uwar ɗaka. Malamin makaranta, malamin asibiti, akawun En'e, mai awon gyaɗa, ɗan kasuwar Kurmi mai rufin asiri, duk a kan keke suke, an tattare babbar riga a kafaɗa, an soke ƙafar wando cikin safa kada sarƙa ta ci. Dattawa har yanzu suna ba da labarin zamanin da ake yankar wa keke lasin, ɗan doka kuma ya tsayar da wanda ya fito da dare babu fitila.

Mu yaran lokacin ba mu da namu. Akwai masu hayar keke a kusan kowace unguwa, mutum zaune a gindin darbejiya, tsofaffin kekuna jere a gabansa, agogo a hannu. Ka ba shi 'yan kwabbanka, ya nuna maka fuskar agogon, ya ce ka dawo kafin doguwar allura ta kai nan. Da yake ƙafa ba ta kai feda daga kan sirdi, sai a zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sandar tsakiya a maƙale a gefe, keke ya karkata can, yaro ya karkata nan, a haka ake tafiya. Duk wanda ya koya ta wannan hanya yana da tabo a gwiwa ko a ƙauri. Ba mu taɓa tambayar juna ina za mu ba. Lokacin da muka saya shi ne kaɗai iyakarmu. Mukan bi gindin badala, mu fita ta Ƙofar Na'isa ko Ƙofar Famfo, mu hango gonaki sun fara, mu juyo da gudu don tsoron mai haya.

Darajar keke ba rana ɗaya ta faɗi ba, amma in za a nuna shekara guda da yatsa, 1975 ce. A farkonta aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji haɗe da ariyas, kuɗin mai kuma ya cika ƙasa. Malamin da jiya yake taƙama da Raleigh ya wayi gari yana zagaya shagon Honda da Vespa. Na sama da shi ya sa ido kan Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a shekarar. Keke ya gangara hannun ƙanne, daga nan hannun yaran gida, daga nan bayan ɗaki. Mutum zai zaci da naira ta karye bayan 1986 za a koma masa. Ina! Acaɓa ce ta cike gurbin, daga baya baburan China masu araha suka shigo, har ya zama saurayi zai gwammace ya ci bashin kuɗin acaɓa da a gan shi a kan keke a ƙofar gidan budurwarsa. Keke ya zama na mai itace, na mai gwangwan, na ɗan sakandare, na wanda bai samu ba.

A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, har shi kansa ya riƙa hawa a Abuja. Wata rana bas ta ture shi ya faɗa lambatu. A majalisarmu an kwana biyu ana dariya. Babu wanda ya tsaya auna maganarsa. Abin da kunnuwa suka ji kawai shi ne mai mota da direba yana ce wa talaka ya koma baya. Ko a Janairun 2013, da gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, Kano ba ta waiwayi keke ba, A Daidaita Sahu ne suka mamaye titi. Maiduguri ce ta bi wata hanya dabam. Tun da aka hana babur ɗungurungum a can a 2011, keke ya dawo gari da ƙarfinsa, ma'aikaci da ɗan kasuwa kowa ya hau, kunya ta kau saboda babu wanda ya rage da zai yi wa wani dariya.

Ni ma sahun nan na bi tiryan-tiryan: keke, babur, mota, tumbi. Abu biyu ne suka haɗu suka mayar da ni. Likita ya auna jinina ya ce ya hau, in rage gishiri in riƙa motsa jiki. Ban daɗe da jin haka ba aka zo ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Na je wajen masu kekunan Kwatano na zaɓi wani mai giya, fentinsa ya ɗan koɗe amma ƙarfensa lafiya lau. Niyyata ƙarama ce: masallaci, cefane, gidan yaya, shi ke nan.

Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni, ta dubi keken, ta ce, “Alhaji, da girmanka? Me mutane za su ce?” Ba ta yi ƙarya ba, mutane sun ce. Mai shagon bakin layi ya ce, “Ranka ya daɗe, motar ce ta samu matsala?” Yara suka riƙa leƙowa suna ƙus-ƙus. Wanda ya fi taɓa ni wani maƙwabcina ne, mutumin kirki, da ya ja ni gefe bayan sallar isha'i ya yi ƙasa da murya ya ce in akwai wata damuwa kada in ɓoye masa, zaman tare ya wuce haka. A lissafinsa, kuma lissafin garin ke nan, magidanci mai furfura ba ya sauka daga mota ya hau keke sai da karayar arziki. Na yi masa godiya ƙwarai, don ya cancanta.

Hannu da ƙafa ba su manta tuƙi ba. Mazaunai da gwiwa ne suka manta, suka kuma yi ta ƙorafi har suka haƙura.

Wata Asabar da safe na fita sayen wani abu a Rijiyar Zaki. Na saya, na ɗaure a kariya, sai na ga rana ba ta yi zafi ba, ƙafa kuma ba ta gaji ba. Na ce bari in ɗan ƙara gaba in ga ƙofar sabuwar jami'ar Bayero. Daga nan na ce bari in kai Janguza. Kafin in ankara ina zaune a benci a wani ƙauye da ke gefen hanyar Gwarzo, ina shan fura da nono, ban san sunan garin ba sai da na tambaya. Na dawo gida bayan azahar, fuska duk ƙura. Aka ce, “Daga ina haka?” Na buɗe baki na rasa amsa, domin ban je ko'ina ba, kuma rabon da in ji daɗin fita irin na ranar har na manta.

A tarbiyyarmu kowace tafiya da dalilinta. Ɗaurin aure, suna, ta'aziyya, dubiya, cin kasuwa, ziyarar dangi. Wanda ya fita ba ɗaya daga cikin waɗannan, gantali ya tafi, kuma gantali ba na mai iyali ba ne. Mota ta ƙara ɗaure wannan al'ada tamau, domin kafin ka tayar da ita sai ka lissafa mai, ka lissafa cunkoso, ka san inda za ka ajiye ta. Na shafe shekaru masu yawa ban fita daga gida ba face na san inda za ni da lokacin da zan dawo. Keke ba ya tambayar komai. In ka ga wata 'yar hanya ta ratse dama tsakanin gonaki, ba ka da abin da za ka yi asara in ka bi ta. In ta ɓulle, madalla. In ta mutu a bakin rafi, ka ɗaga keken a kafaɗa ka tsallaka, ko ka juyo. Yanzu na koyi amsar da mutanen karkara ke ba juna in an ce “Ina zuwa?” Sai in ce, “Nan gaba kaɗan.” Ba a taɓa neman ƙarin bayani ba.

Abu na farko da keke ya gyara mini shi ne zaton da nake yi cewa ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, in ka cire Dala da Gwauron Dutse. Cinya ta san ba haka ba ne. Kowane rafi yana da gangara kafin a kai shi da hawa bayansa, kuma akwai dogayen tudu marasa kamanni da mai mota ba zai taɓa lura da su ba, sai dai mai keke ya ji numfashinsa ya canza. Na biyu iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka in na fita da sanyin safiya nakan fuskanci wajen Gezawa ko Minjibir, in sha wahalar da sauran ƙarfina, in ya so a dawowa ta turo ni har gida. Da damina sai lissafin ya juye, iskar ta koma kudu maso yamma, ido kuma yana gabas, domin daga can hadari ke tasowa. Da bazara babu wata dabara. Wanda ƙarfe goma ta yi masa a hanya a watan Afrilu ya nemi inuwa ya zauna.

Na uku, kuma shi ya fi girma a wurina, gaisuwa. A mota ba ka gaida kowa, sai dai ka ɗaga hannu ga wanda ba ka ga fuskarsa ba. Gudun keke daidai yake da tsawon sallama. Ka hango masu noma tun daga nesa, ka ce “Sannunku da aiki,” su ɗago su ce “Yawwa, sannu Malam, a sauka lafiya,” duk kafin ka wuce. In ka rage gudu kaɗan, an shiga tambayar gida da iyali. In ka sa ƙafa ƙasa, an kawo ruwa. Ta haka na san abubuwan da shekara da shekaru ina wucewa ta gefensu a kan kwalta ban sani ba: wace rijiya ce ruwanta ke da zartsi, wane gari ne ake saƙa har yanzu, nawa aka sayar da buhun taki bana, me ya sa wane ya bar gero ya koma masara.

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano ba daji ba ce, kuma ta daɗe ba daji ba. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru tun daga 1960 da wani abu yana nazarin yadda manoman nan ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ba ta kuma mutu ba. Sirrin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya tashi a nan: jakuna su shiga birni da itace da kara, su fito da mangala cike da taki da shara da toka, a zube a gona tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Kowace bishiya da mai ita. Ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya, ɗinya, da gawo mai zubar da ganye da damina ya bar wa dawa rana. A kan keke, cikin burtali, tsakanin shingen gonaki, mutum yana ganin wannan tsari da idonsa, yana kuma ganin inda ya fara warwarewa. Tsibin takin da ake kawowa daga birni yanzu rabinsa leda ce. Iska ta kwashe ta ta rataye a ƙaya, awaki su ci su kumbura.

Sai kuma filoti. Wannan shi ne abin da ya fi cin raina a duk yawon nan. Inda na sani gonar gero ce, yau ka tarar da 'yan duwatsun siminti an kafa a kusurwa huɗu, an shafa jan fenti, an rubuta lamba. Gaba kaɗan an zagaye wani da bulo layi uku an tafi an bar shi, ciyawa ta cika ciki, ba gida ba gona. Ta kowace hanya aka fita, ta Gwarzo, ta Katsina, ta Haɗeja, ta Zariya, ta Madobi, sai an yi tafiya mai nisa cikin irin wannan kafin a kai gonar gaskiya. Na taɓa zama da wani dattijo a gindin wata tsamiya da ta rage ita kaɗai a tsakiyar filotai. Na ce, “Baba, gonar wa ce nan a da?” Ya ce, “Tamu ce. Da mahaifinmu ya rasu aka raba, kowa ya sayar. Ni na aurar da 'ya'ya biyu, na je Umara, na sayi babur.” Na ce yanzu fa? Ya ce yanzu gadi yake yi wa wanda ya saya. Bai faɗa da baƙin ciki ba, ni ma ba ni da bakin ganin laifinsa, tunda gidan da nake ciki a kan gonar wani aka gina shi. Amma wanda bai fita a hankali ya ratsa wannan zobe da ya kewaye birnin ba, ba zai san yawan ƙasar noma da aka binne ba don mutane su ajiye kuɗi a cikin bulo.

Wata rana hanya ta kai ni Fanisau, can bayan filin jirgin sama, garin duwatsu da gidan sarki, inda ake hawa da babbar salla. A can wani Bature mai suna Clapperton ya tarar da Sarki Ibrahim Dabo a 1824, lokacin ana fama da wani mai suna Ɗan Tunku. Na sha zuwa kallon hawa, cikin ƙura da turereniya, amma ban taɓa ganin garin a ranar da ba kowa ba sai da keke ya kai ni. Daga wannan ɓangaren, in aka ci gaba, ana cin karo da Jakara, rafin da ke kwaso dattin birni, ya haɗu da na masana'antun Bompai, ya tafi ya taru a dam ɗin Wasai wajen Minjibir. Hanci ne ke fara sanar da mai keke ya iso. A bakin wannan baƙin ruwa ga lambuna kore shar, latas da kabeji da alayyafo, ana ban ruwa da inji. Tun ranar nake tambayar mai kayan miya daga ina ya saro, shi kuma yana ce mini daga Kura, ko da yaushe daga Kura.

Kura ɗin kuwa ita ce aljannar mai keke, in ya iya jure hanyar Zariya har ya kai. Kimanin kilomita 30 ne. Sai an wuce Na'ibawa da hayaniyar 'Yan Lemo, a gangara gadar Tamburawa inda tifofi ke ɗibar yashi a kogin Challawa, sannan a samu inda za a sauka daga kwalta. Daga nan an shiga ƙasar noman rani da ruwan dam ɗin Tiga ke ciyarwa, aikin zamanin Audu Bako da aka kammala a 1974. Kowace babbar hanyar ruwa tana da turba a gefenta, shimfiɗaɗɗiya, ba mota sai jefi-jefi. Da hunturu alkama da tumatir da albasa, da damina shinkafa iya ganinka, balbelu fari fat a bayan masu huɗa. Mutum zai yi sa'a guda yana tuƙi ruwa na gudu a gefensa. A cikin garin kuma, in an yi sa'a, a ji sautin bugu daga inda ake gyaran baƙin turkuɗi mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa, sana'ar da ta kai sunan Kura har cikin Sahara tun kafin a san za a yi dam.

Babu mai yawon keke da zai daɗe bai san masu faci ba. Tsidau ne babban abokin gaba, 'yar ƙayar nan mai kwanciya a ƙasa, sai ƙayar bagaruwa da ta aduwa. Na fara ɗaukar famfo da sholisho da 'yar roba, amma na fi son in tura keken zuwa gari na gaba, domin kusan kowane ƙauye akwai mai gyara a gindin bishiya da kwanon ruwansa na neman huji. Wani tsoho daga cikinsu ya juya kekena sama, ya kaɗa taya, ya kalli giyar da wayoyinta ya girgiza kai. Ya ce, “Yallaɓai, wannan na wasa ne. Ɗora masa buhu biyu ka gani.” Ya nuna mini wani Phoenix na China da ke jingine, an ƙara masa ƙarfe a kariya, an ninka wayoyin tayar baya. Ya ce wannan ya girmi ɗansa na fari, kuma har gobe yana kai itace birni. A wurinsa na ji cewa tun da mai ya yi tsada aikinsu ya dawo, ana ta zaƙulo tsofaffin kekuna daga bayan ɗaki ana kawo masa, wasu tsatsa ta cinye boris ɗinsu sai an canza komai. Kukansa ɗaya, taya da tif sun yi tsada, kuma na yanzu ba sa ƙarko.

Maganarsa ta tsaya mini, domin gaskiya ce da mai yawon shan iska ya kamata ya riƙe. Ni ne na bar keke na dawo. Mutanen da nake haɗuwa da su a hanya ba su taɓa barinsa ba. Da asuba, lokacin da nake fita daga gari, su shigowa suke yi: mai itace da lodin da ya fi shi tsawo, mai rake, mai jarkokin nono, mai kaji a kwando, mai ganyen zogale, jere a gefen kwalta, ba giya ba birkin kirki, silifa a ƙafa. A yashi, inda tuƙi ke komawa kamar tuƙin tuwon gidan biki, ni nakan sauka in tura, su kuwa su miƙe tsaye a kan feda su wuce ni da kayansu, har da “Sannu Alhaji.” Abin da nake kira hutu shi ne aikinsu. Shi ya sa ba na sakin jiki da sabon yayin da ya shigo, na matasa da 'yan boko masu fita rukuni-rukuni ranar Asabar da matsattsun kaya da hular kwano da kekunan da kuɗinsu ya fi na babur. Ba na ƙin su, hular kwanon ma na saya. Sai dai na lura in an gan su ana cewa motsa jiki suke yi, in an ga mai itace a ce talauci ne, alhali ƙarfe ɗaya suke tuƙawa, kuma in tifa ta zo ba ta bambancewa.

Birnin kansa ba ya son mai keke, kowane iri ne. Gadojin sama da na ƙasa da aka yi ta ginawa tun zamanin Kwankwaso zuwa na Ganduje, a Ƙofar Nasarawa, Kabuga, Dangi, Hotoro, duk don mota aka yi su. Babu wani layi da aka ware wa keke. Gefen titin da ya kamata ya zama nasa, ko yashi ya cinye, ko 'yan tebur sun kafa kaya, ko mai A Daidaita Sahu ya yanko ba sigina ya tsaya ɗaukar fasinja. Dabarata ita ce in fita da an idar da sallar asuba, in bar gari kafin ya farka. Waya tana can cikin aljihun ciki saboda masu ƙwace. Akwai kuma iyakar da halin ƙasa ya gindaya: ba na kutsawa dajin da ban sani ba, ba na kai magariba a waje, kuma in na shiga garin da ba a san ni ba, masallaci nake fara nufa in gaida dattawan da ke wurin in faɗi unguwarmu. Zamanin da baƙo zai ratsa ƙauye ba a bi shi da ido ba ya wuce, kuma mutanen suna da hujja.

'Yata ta taɓa tambayata me ya sa ita aka karɓe mata keke da ta fara girma, ƙannenta maza kuwa aka saya musu manya. Na ce haka aka saba. Ta ce ai ta gani a talabijin a Wagadugu mata da goyo a baya suna tuƙa keke zuwa kasuwa. Na ce haka ne. Maganar ba ta wuce nan ba a ranar, amma ba ta bar ta ba.

Tafiyar da ba a shirya ba tana da nata haraji. Wata Juma'a iska ta yi daɗi, na bi hanyar Maiduguri da nufin in kai Mariri in juyo, sai ƙafa ta yi ta cewa a ƙara. Fiye da kilomita 40 ne zuwa Wudil, kuma ranar kasuwarsu ce. Na isa kafin a shiga masallaci, na yi Juma'a a can, na zaga kara na kalli yadda ake lodin shanu a tireloli za a yi kudu da su, na ci soyayyen kifi a bakin gada. Da la'asar ta gabato na miƙe na kama keke, gwiwoyi suka ce su fa sun gama nasu. Na tura shi zuwa tasha. Ɗan kamasho ya dube ni, ya dubi keken, ya ƙwala wa yaron mota kira ya kawo igiya. Na tambayi kuɗin mota ya faɗa, na miƙa, ya ƙi karɓa ya ce saura na keke. Na ce ai a sama za a ɗaure shi, ba kujera zai zauna ba. Ya ce, “Baba, a nan keke kuɗin mutum ɗaya ne, kuma ba ragi.” Na biya na mutum biyu.